Kamalu Mai Gyaran Suna

Ranar da Kawu Sharu ya ce shi ba zai iya mutuwa ba sai Makau ya yafe masa, ɗansa Kamalu yana can bisa rumbu yana neman sabis. Ni aka tura in sauko da shi. Na tsaya a gindin tsani na ce, "Kai, sabko, tsoho na kiranka." Ya ɗaga mini hannu ɗaya kamar mai ba motoci hannu, ya ce in dakata, saƙo na kan hanya. Haka Kamalu yake. Ko gobara ce ta tashi, sai ya ga abin nan mai zagayawa a fuskar waya ya tsaya tukuna.

Kamalu taubashina ne. Innata ƙanwar Kawu Sharu ce, don haka ina da damar faɗa masa duk abin da ya zo bakina, kuma ba na barin damar ta lalace. Sunana Abdulwahabu, kabu-kabu nake yi a Adabka. Tun da ya kama wannan sana'a tasa, babu inda ya je da ba a bayan babur ɗina ba, saboda haka abin da zan faɗa a kansa ba ji na yi ba.

In ka tambaye shi aikinsa, sai ya gyara zaman hula ya ce shi masani ne a fannin hulɗa da jama'a. Mutanen gari suka ga sunan ya yi musu tsawo, suka gutsure shi, suke ce masa mai gyaran suna. Mahaifiyarsa kuwa, Inna Larai, har gobe in an tambaye ta abin da ɗanta ke yi, cewa take, "Shina dai hawan rumbu."

Gaskiyarta. Duk faɗin unguwarmu babu inda sabis ke zama daram kamar bakin babban rumbun laka na gidan Kawu, kuma babu wanda ya san dalili. A can ofishin Kamalu yake. Yana da 'yar matashiya da lema da ya ɗaure a jikin gora. Mai son ganinsa sai ya tsaya a ƙasa ya ɗaga kai ya faɗi damuwarsa, duk gida na ji. Inna Larai ba ta bari hawan ya tafi a banza. Ana tsakiyar maganar sirri za ka ji ta daga madafa, "Kamalu, tunda kana bisa, jeho min damen gero."

Ya yi sakandare a Gummi. Da ya gama sai ya bi ayarin masu zuwa wajen haƙar zinariya ta gefen Sunke, amma bai taɓa shiga rami ba. Na farko matsoraci ne. Na biyu, tun da gubar dalma ta kashe yara a can, Inna Larai ta sa shi ya rantse ba zai taɓa dutsen ba, ko niƙa ko wanki. Sai ya kafa faifan sola yana yi wa mahaƙa cajin waya. Mutane ne daga ko'ina, Katsina, Kano, Nijar, kowa ya yi buɗu-buɗu da ƙasa, kuma kowa yana son a gida a ɗauka ya samu. Kamalu ya sayi babbar riga shuɗiya guda ɗaya da hula da baƙin tabarau. Duk mai son aika hoto gida sai ya wanke fuska ya zura rigar, ya tsaya gaban wani ƙyalle mai zanen mota. Kasuwa ta buɗe masa sosai, har ranar da wasu mata biyu a gari ɗaya suka haɗa wayoyinsu a gidan biki, suka ga mazajensu sanye da riga ɗaya mai tabon manja a wuri ɗaya. Kafin mazan su gama nemansa ya dawo Adabka.

Shi dai ya ce a can ya gano ilimin da yake ci da shi yanzu. Wai kowane mutum jiki biyu gare shi, akwai mai cin tuwo, akwai wanda ke zaune a bakin mutane, kuma na biyun ya fi yawan rashin lafiya.

Ya buɗe shafi a Fesbuk ya sa masa suna Tunanin Kamalu Daga Bisa. Kullum da hantsi sai ya wallafa abin da ya faɗo masa a rai. Abin haushi, da Hausar rediyo yake rubutawa, irin ta mutanen Kano, shi da in ya buɗe baki a ƙasa tamu ce ke fita tsaf. Wata rana ya rubuta: "Na lura mutum zai iya ƙyale sallamar maƙwabcinsa, amma ba zai iya barin wayarsa ta yi ƙara sau biyu ba. Shawarata ga maƙwabta ita ce su riƙa yin ƙara." Wata ranar kuma: "Shugaban zauren Wasaf ya fi mai unguwa iko, domin mai unguwa ba ya iya fitar da mutum daga unguwa da yatsa ɗaya." Da aka fara yayin na'urar nan da ake tambaya tana ba da amsa, ya gwada ta, ya zo ya rubuta: "Na tambaye ta abin da ta sani game da unguwarmu. Ta ba ni haƙuri. Na haƙura, amma ta sani cewa mu ma ba mu san ta ba." Guda ɗaya ce na taɓa yaba masa, wadda ya ce dogon saƙon murya zalunci ne, duk wanda maganarsa ta kai haka ya hau babur ya je. Wannan na sa an karanta wa duk 'yan tasharmu.

Aikin gyaran sunan kuwa, ba ya zaɓe. Jakin wani mai itace ya ciji mutum a kasuwa, Kamalu ya fitar da sanarwa cewa jakin ya yi nadama, kuma yana cikin matsin rayuwa kamar kowa. Ya taɓa ɗaukar wa kansa gyaran sunan hanyar garinmu, kyauta, don kishin ƙasa. Muka yi yawo har muka sami wani wuri mai santsi da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, ya kwanta rub da ciki ya ɗauke shi hoto ta kowace kusurwa. Wani ɗan kasuwa daga Gummi ya gani ya yarda, ya taho da ƙaramar motarsa. Da shanun huɗa aka ciro ta. Kamalu ya ce wannan shaida ce aikinsa na ratsa zukata.

Amma kakarsa ta gaske watan Sha'aban ce. A wajenmu in azumi ya matso, mutum yakan bi waɗanda ya saɓa wa ya nemi yafiya, don kada ya shiga watan da haƙƙin wani a wuyansa. Da can da ƙafa ake zuwa. Ka yi sallama a zaure, ka durƙusa, ka faɗi abin da ka yi da bakinka, kunya ta kama ka, a yafe maka ko a ce ka dawo. Kamalu ya duba ya ga wahalar ta yi yawa. Yanzu sai ka zo gindin rumbu ya ɗauke ka hoto ka ɗan sunkuyar da kai, ya rubuta cewa wane yana neman yafiyar duk wanda ya ɓata wa rai da sani ko da kuskure. Ba a faɗin laifin, ba a faɗin mai shi. Kafin la'asar an yafe maka daga garuruwan da ba ka taɓa zuwa ba.

To a cikin Sha'aban ɗin ne ciwon Kawu Sharu ya tsananta. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya zama aiki. Mun kai shi asibiti a Gummi, likita ya ba da magani ya ce a koma gida a riƙa kula da shi, kuma duk mun gane abin da yake nufi. Da Kamalu ya ga dama ya sauko daga rumbu ran nan, muka shiga ɗakin muka zauna a bakin gado.

Kawu ya ce, "Akwai haƙƙin mutum guda bisa kaina. Makau. Ba ku san shi ba, tun ba a haihe ku ba yab bar garin ga."

Ya ba mu labarin yana hutawa a tsakani. Makau alewa yake sayarwa a kasuwar Adabka, yara na bin sa duk inda ya yi. Ɗan farin Kawu, wanda da shi ne yayan Kamalu, ya sha alewarsa wata ranar kasuwa, ya kwanta da zazzaɓi, bai tashi ba. Kawu yana cikin zafin rashi ya shiga tsakiyar kasuwa ya nuna Makau da yatsa ya ce maye ne, shi ya kama kurwar yaron. Bayan haka ƙyanda ta fito wa yaran unguwa ɗaya bayan ɗaya, Kawu ya gane abin da ya kashe ɗansa, amma ya ja bakinsa ya yi shiru. Iyaye suka riƙa fizge 'ya'yansu in Makau ya doso. Alewa ta narke a faranti. Ƙarshe ya kwashe iyalinsa ya koma Nasarawa Burkullu.

"Ƙarya niy yi mishi," in ji Kawu. "Kuma na san ƙarya ta. Ba ni son in gamu da Ubangijina da ita. Ku samo min yahiyatai."

Tun ina yaro ban taɓa jin Kawu ya ce ya yi kuskure ko a lissafin damma ba. Na juya in ga yadda Kamalu ya ji, sai na ga idonsa na ƙyalli.

"Baba, kwantar da hankalinka," ya ce. "Wanga ai aikina na."

Ya gyara wa tsoho hula, ya ɗauke shi hoto, ya haye rumbu. Ya rubuta cewa dattijo Malam Sharu na Adabka yana kwance ba lafiya, yana roƙon duk wanda ya taɓa saɓa wa ya yafe masa. Hoton ya yi kyau, ban hana shi ba. Tsoho ne mai farin gemu da idanu abin tausayi, kuma mutane suka yi ta turawa gaba. Aka yafe wa Kawu daga Kano, aka yafe masa daga Agadas da Kumasi. Wata mata a Sudan ta ce ta yafe masa tana kuka. Wani ya ce ya yafe masa har abin da zai yi nan gaba. Kamalu bai taɓa samun jama'a haka a shafinsa ba, har abinci a bisa ake miƙa masa.

Mutum ɗaya ne ya ƙi. Wani ne mai hoton zaki a maimakon fuska, ya rubuta cewa shi kam bai yafe ba. Kamalu ya tambaye shi ko ya san Malam Sharu. Ya ce bai san shi ba, amma bai ga dalilin da za a yi masa dole ba. Kamalu ya bar duk wani aiki ya koma lallashin mai zaki. Ya kawo masa aya, ya kawo masa hadisi, ya tuna masa kabari. Sai da aka kai ruwa rana sannan mai zaki ya ce zai yafe in Kamalu zai bi shafinsa na sayar da takalma. Aka daidaita a haka.

Ranar ya sauko da murna ya zauna kusa da Kawu yana karanto masa sunaye. Tsoho ya saurara har ya gaji, sannan ya ce, "Makau na ciki?"

"Baba, mutum dubbai sunka yahe maka."

"Mi niy yi musu?"

"Ba ka yi musu komi ba, shi as sa abin yay yi armashi."

"Makau na ciki?"

Babu Makau. Da muka bincika, mutumin ko wayar tocila ba ya riƙewa. Kamalu ya so ya kawo hujjar cewa rinjaye ya riga ya samu, Kawu ya juya fuskarsa bango. Na ja shi waje na ce, "Kai wawan Allah, hau babur mu tahi."

Mun sami Makau a kasuwar Nasarawa Burkullu yana tufka igiya. Tsoho ne siriri mai 'yar furfura a haɓa, Fulani makiyaya sun kewaye shi suna zaɓen igiyar shanu suna ta zolayarsa. Kowa Baba Makau yake ce masa. Muka jira ya sallame su, muka gaishe shi, muka faɗi ko mu 'ya'yan wane ne da abin da ya kawo mu. Hannunsa bai daina tufka ba har muka gama.

"Sharu na da rai ashe," ya ce. "To ku ce mishi ba cikin ɗaki yaɓ ɓata ni ba. Gaban jama'a yaɗ ɗauke min suna. Shi maido min shi gaban jama'a, sannan mu yi magana."

Ni na gane abin da yake nufi, ko jakin mai itace zai gane. Amma Kamalu kalmar jama'a kawai ya ji. Ya ce, "Baba, an gama. Ɗan dubo nan." Kafin tsoho ya san me ake ciki an ɗauke shi hoto, ido a zare saboda rana.

Washegari da hantsi sanarwa ta fita daga bisa rumbu, da manyan baƙaƙe: MALAM MAKAU NA NASARAWA BURKULLU BA MAYE BA NE. Ga hoto a ƙasa.

Abin da Kamalu bai tsaya ya tambaya ba shi ne ko akwai wanda ya ce maye ne. A Nasarawa Burkullu babu. Waɗanda suka san zancen a Adabka yawancinsu suna makabarta. Yanzu kuwa duk mai waya daga Anka har Gummi ya ji, kuma kowa tambaya ɗaya yake yi, in ba wani abu, me ya kawo maganar? Masana suka fito. Wani ya ce a dubi idon da kyau. Wani ya ja jan da'ira a kan kunnen tsoho. Wata ta ce ita dama tun da ta sayi igiya a wajensa akuyarta ba ta ƙara haihuwa ba.

Kamalu ya ce wannan ƙaramin abu ne, a fanninsu ana kiransa ƙarin haske. Ya fitar da sanarwa ta biyu cewa Malam Makau bai taɓa cin kurwar kowa ba, ta yaro ko ta babba. Aka ce ashe har kala-kala ne. Ya fitar da ta uku cewa yaron da ake magana ƙyanda ce ta kashe shi. Aka ce au, ashe har da gawa. Na roƙe shi don girman Allah ya daina haskakawa. Ya goge duka, amma an riga an ɗauki hotonsu, suna ta yawo a zaurukan Wasaf ba mai iya kamo su.

Ana haka wata mata ta sauka daga babur a ƙofar gidan Kawu. Doguwa ce kakkaura, ta kai sa'ar yayyenmu. Ta yi sallama, ta gaida Inna Larai da ladabi, ta tambayi wane ne Kamalu. Aka nuna mata bisa. Ta je ta ɗauke tsanin da hannu ɗaya, ta kwantar da shi a ƙasa, ta zauna a kai. Yalwa ce, 'yar Makau.

"Kai ɗan Sharu," ta ce, "ni dai tambaya guda gare ni. Wa yat tambaye ka?"

"Hajiya, ai musantawa niy yi," in ji Kamalu daga sama.

"Wa yat tambaye ka?"

Ya buɗe baki zai kawo ƙarin haske, ta ɗaga masa hannu.

"Can anka haihe ni, can niy yi aure, can nir raini ɗiyana. Ban taɓa jin wagga magana ba. Baba bai taɓa hwaɗa muna ba, ko sau guda. Cikin waya nig gane ta, ɗiyata tak kawo min tana kuka. Jiya mun kai ma maƙwabta tuwo, sun maido muna da shi ko buɗewa ba su yi ba."

Inna Larai ta kawo mata ruwa a kwano, kuma na lura ba ta ce a mayar da tsani ba. Kamalu ya zauna a bakin rumbu rana na dukansa, ya kife wayarsa gefe, abin da ban taɓa gani ba tun muna yara. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa kuma bai sake ni ba. Shi fa da zuciya ɗaya ya yi. Yana son ubansa, kuma abin da ya iya ke nan.

Sai muka ji muryar Kawu daga ɗaki, ashe duk yana ji. "Abdu. Yaushe kasuwar Nasarawa ka ci?"

Na ce gobe.

"Ku kai ni."

Inna Larai ta ce ba zai kai ba. Ya ce in bai kai ba a binne shi a hanya, ya fi masa gadon nan. Da safe muka tambayi lafiyar hanya wajen waɗanda suka fara fita, muka bi sahun 'yan kasuwa. Ni a gaba, Kawu a tsakiya, Kamalu a baya ya rungume shi, Inna Larai ta ɗaure mu mu uku da zanenta kamar damen dawa. Ban taɓa tuƙi a hankali irin na ranar ba, duk rami sai na ji numfashin tsoho a bayana.

Kasuwa ta cika maƙil, amma gaban rumfar Makau fili ne fetal. Mutane na zuwa daf da ita sai su karkace. Yana zaune shi kaɗai yana tufka, Yalwa na tsaye a bayansa ta harɗe hannu. Muka zaunar da Kawu a kan buhun dusa. Muryarsa ba ta wuce tsawon hannu, don haka ya ce Kamalu ya hau benci ya riƙa maimaita abin da ya faɗa da ƙarfi. Ganin mai sanarwa da kansa ya zo, nan da nan aka taru.

Kawu ya ce, "Ce musu ni na Sharu na Adabka."

Kamalu ya gyara murya, Hausar rediyo ta fito. "Jama'a, ga dattijon arziki, Malam Sharu, daga garin Adabka mai albarka."

"Ce musu ni nih hwara ce ma Makau maye."

"A shekarun baya, an samu wasu kalamai da suka fito daga ɓangarenmu."

Kawu ya ɗaga sandarsa ya sauke masa a ƙwauri. Ba ƙarfi a dukan, amma an ji shi. Wasu suka yi dariya.

"Ce musu ƙarya niy yi."

"Bincike ya nuna cewa an samu rashin fahimtar juna tsakanin..."

Sanda ta sake sauka. Kawu ya jawo bakin rigarsa har sai da ya sunkuyo. "Kamalu, ba ni da sauran numhwashin ɓatawa. Kak ka gyara ni. Hwaɗi yadda nic ce."

Kamalu ya dube ni. Ni kuwa na dubi tayar babur, don ba ni da abin ba shi. Duk rayuwarsa bai taɓa barin magana ta fita tsirara ba, ta jaki ma sai da ya sa mata riga, yau kuma ta ubansa ce, a tsakiyar kasuwar wani gari. Ya miƙe. Da ya buɗe baki, Hausar gidanmu ce ta fito.

"Ubana yac ce ƙarya yay yi! Shi yaƙ ƙaga ma Baba Makau maita, can Adabka, tun da daɗewa! Ɗanai yam mutu da ƙyanda, yal laƙa mishi! Yac ce ya san ƙarya ta tun sannan, yay yi shiru don kunya!" Sai ya ƙara da wata magana. Wannan kuma ba Kawu ne ya sa shi ba. "Wanda yak kawo ta garin ga kau, ni na. Ba wanda yat tambaye ni."

Babu wanda ya yi dariya. Kawu ya nuna kwanon furar da ke gefen Makau, wadda ya sha ya rage. Yalwa ta dubi ubanta, ya gyaɗa kai, ta miƙa. Kawu ya kafa kai ya sha a gaban kowa, tana zuba a gemunsa. Can wani Bafulatani ya matso ya tsuguna, ya ɗauki igiya yana jan ta yana gwada ƙarfinta, kamar ba abin da ya faru.

Sai a lokacin Makau ya ajiye tufka. Ya daɗe yana kallon Kawu.

"Sharu, ka tsuhwa."

"Na tsuhwa. Ka yahe min, don Allah."

"Nau na yahe, duniya da lahira." Kawu ya rufe ido, na ga kafaɗunsa sun sauka. Amma Makau bai gama ba. "Sai dai ka san yadda mutane ka cewa, wai ga nono aka shan maita. Da kac ce ni, da Innata kac ce. Ita ta ungozomar unguwarku, ita tay yanke cibiyar yaron nan naka. Tun ran nan ba a ƙara kiranta gidan haihuwa ba. Da munka zo nan ba wanda yas sani, amma ita ta sani. Har tam mutu ba ta ƙara ɗaukar jinjirin kowa ba. Yalwa ga ta nan, kakarta ba ta taɓa goya ta ba." Ya ɗauki igiyarsa. "Nata ba shi hannuna, Sharu. Sai kun gamu."

Yalwa ta sa gefen mayafi ta rufe fuska. Muka ɗaga Kawu muka mayar bisa babur, wata mai nono ta taimaka ta ɗaure mana zanen.

Mun yi nisa a hanya. Na ɗauka Kawu barci ya yi. Wajen wani rafi da ya ƙafe na rage gudu, sai na ji ya motsa.

"Kamalu."

"Na'am, Baba."

"Wagga waya taka, tana kai saƙo can?"

Kamalu ya ce, "A'a, Baba. Ba ta kaiwa."

"To," in ji Kawu. "Ni za ni kai da kaina."